Wace Jijiya Ka Nufa, Likita?

Zuwa ga likitan da ya fara duba mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ba zan kama sunanka ko na asibitinku ba, don ba tozarta ka na zo yi ba. In ka karanta za ka gane kanka.

Sunana Rabi, daga Maruta ta Gwaram. Mahaifiyata, Inna Dije, da ƙwaryar nono a ka ta tsufa. Da daminar bara ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya soma yi mata wuya, muka kawo maka ita. Aka ɗebi jini, muka wuni a kan benci. Da layi ya zo kanmu, takarda ka duba, ba ita ba. Ka ce ƙoda ta yi rauni, kuma ƙashinta ne ke taɓa jijiya. Ka rubuta magani, ka kira na gaba.

Ga ƙorafina:

1. Likita, Bahaushe ne kai. Ka san jijiya a bakinmu ba ɗaya ba ce: akwai ta jini, akwai ta agara, akwai wadda in ta motsa ƙafa ke sagewa. Wacce ka nufa? Mu masu shanu, in an ce ƙashi na taɓa jijiya, targaɗe muka sani. Shi ya sa daga wurinka gidan mai ɗori muka zarce a Fagam, ya murza tsohuwa har ta yi hawaye.

2. Ba ka ce mana ga abin da za ta ci, ga wanda za ta rage ba. Mu kuwa da muka ji ƙashi, sai muka duƙufa gyaran ƙashi. Kindirmo safe da yamma, romo duk ranar kasuwa. Yayana har saniya ya ware mata, ya hana a sayar da ko ludayi ɗaya na nononta.

3. Sai da ɓarin jikinta ya shanye muka kai ta wani wuri, wata likita ta zaunar da ni. Ashe jijiyar jini ka nufa: ƙashi yana sakin wani sinadari cikin jini. In ƙoda ta gaza tace wani gishiri da ake kira fosfet, ƙashi sai ya yi ta ƙaro sinadarin, yawansa kuma yana tafiya tare da taurin hanyoyin jini da wahalar zuciya. Ta ce nono na cikin abin da ake rage wa mai wannan ciwo. Duk bayanin bai kai tsawon alwala ba, kuma ni da ban wuce firamare ba na gane shi sarai.

Ban ce nono ne ya kwantar da ita ba, Allah ne masani. Amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Da hannuna na yi ta ɗura mata abin da ya kamata in rage, saboda kai ka kasa ƙara kalma ɗaya a kan jijiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna ba ta yarda da likita ta biyu ba, wai yarinya ce. Maganarka ta riƙe: babban likita ya ce ƙashi ne, ƙashi kuwa nono ne abincinsa. Kullum aka dawo daga tatsa sai ta miƙo hannun da ya rage mata, ni kuma in kauda ƙwarya. Ta gaya wa maƙwabta, Rabin da ta raina da kuɗin sayar da nono yau ita ke yi mata rowarsa. Yanzu in na shiga ɗakinta bango take fuskanta.

Roƙona kaɗan ne. Ku riƙa cewa hanyar jini in ita kuke nufi. Kada mai ciwon ƙoda ya fita ƙofarku bai san abin da zai ci ba. Sannan wanda ya shafe ni: zan sake ɗauko ta in kawo maka. Ka dube ta a ido, ka gaya mata da Hausa ba ni na hana ta nono ba. Daga bakinka kaɗai za ta karɓa.

Allah ya ƙara maka sani da haƙurin bayani. Ranar da ciwo ya zaunar da kai gaban wani, Allah ya sa ya dube ka kafin ya dubi takarda.

Wassalam,
Rabi, 'yar Inna Dije