Kwalabe Suna Hagu, Ke Kina Dama

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, kurciyar da ta yi sheƙa a ƙirjina,

Ki yi haƙuri da rubutun.

Kin tuna ranar da kika fara kawo mini abinci daga sashenku na kwali? Awa huɗu na yi ina zura wa kwalabe ido, bel ɗin injin kamfani yana jan su hagu, ina tsame masu tsaga. Aka kashe bel, na ɗago kai, sai ga fuskarki tana zamewa dama kamar wata a cikin gajimare. Na cafko gefen rigar aikinki. Kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce ai ko taku ɗaya ba ki yi ba.

Likitan kamfani ya ce ba ciwo ba ne. Wai a ƙwaƙwalwa akwai masu lura da tafiyar hagu, akwai na dama. In na hagun suka gaji, sai na daman su rinjaye su na ɗan lokaci, ido ya ga abin da ke tsaye yana tafiya dama. Ya ce yadda zan gane ƙaryar, abin zai yi ta tafiya amma bai bar wurinsa ba.

Kaicona, na haddace darasin fiye da kima! Da kika koma zama can ƙarshen bencin da muke cin abinci, na ce idona ne. Da gaisuwarki ta gajarce, na ce bel ne. Na daina miƙa hannu don kada a sake yi mini dariya. Jiya shugaban sashenku ya ce kin nemi a mayar da ke wani reshe, ranar Litinin zai sa hannu. Ashe tafiya kike yi da gaske, ni kuwa ina tsaye ina jira ƙaryar ido ta wuce?

Tsoro nake ji, raɓar safiyata. Wa zan ɗago kai in gani? Wace fuska ce za ta tsayar mini da duniya?

Gobe idan an kashe bel, zan kalli bango har ya tsaya cik, sannan in juyo. Don Allah ki tsaya a gindin jan ginshiƙin nan. In na ga kin motsa, zan riƙe rigarki ko da idona ne ke ƙarya. Gara ki sake yi mini dariya.

Naki har ƙarshen numfashi, wanda bai gusa ko taku ɗaya ba,
Mai duba kwalabe