Wasan Tsohon Sarkin da Baba Ya Ce a Ajiye Masa

Malama Sauda, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna, in na faɗa wa mutanen garinmu, cewa za su yi ana fama da yunwa ni ina fama da littafi.

Ni mutumin wani ƙauye ne a wajen Bagwai, na ɗan haura arba'in. Na yi sakandare, na yi akawu a wata masaƙa a Kano har aka rage ma'aikata. Na dawo gida da akwatina da wani ƙaton littafi na wasannin kwaikwayon marubucin nan na Ingila da ake koyarwa a makaranta. Mahaifina ya makance. Kullum bayan la'asar nakan zaunar da shi a zaure in karanta kaɗan-kaɗan, ina mayar masa da Hausa. Da mu biyu ne, yanzu tsofaffin unguwa sun gane hanya. Turancin na da ne, sai na yini da ƙamus kafin in iya shafi guda, kuma har yau ban tabbata daidai nake fassarawa ba.

Ni mai rubuta abin da ya faru ne kowace rana a wani ɗan kundi, a nan kuma nake tsara wasan da zai biyo baya. Masu ban dariya na yi ta zaɓa, irin na tagwayen da ake rikita su da na matan da ke shigar maza. Malam Iliyasu, abokin Baba, har cewa yake ashe Turawan da ba su da sana'a sai ɓad da kama. To, waɗannan sun kusa ƙarewa.

Tun farko Baba ya sa na taƙaita masa labarin kowane wasa. Da na zo kan na wani tsohon sarki da ya raba wa 'ya'yansa ƙasa tun yana raye, sai ya yi dariya ya ce wannan ɗan'uwansa ne, a ajiye masa. Shi ma da idonsa ya fara tafiya ya raba mana gonakinsa, ni da ƙanena Usaini, a kan mu ci da shi. Usaini ya samu gonar tsamiya, wadda Baba ya tsufa yana kai mata taki a jaki. Bara ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba. Usaini ga 'ya'ya cike da gida, sai ya ba wani ɗan kasuwa gonar jingina ya karɓi dawa. Duk gari an sani, ban da Baba.

Wasan nan kuwa ƙarshensa ba daɗi. 'Ya'yan sun wulaƙanta sarkin, ya ƙare a daji hankali ya gushe. A garinmu ba a ba da labari a zaure a bar shi a labari, sai an nemo wanda ake yi da shi. In na karanta, tsofaffin nan za su fara gyaran murya, wani ya ce Allah ya kyauta, gobe a ce habaici na yi wa Usaini a gaban ubanmu. Baba ba ya gani, amma yana jin shirun mutane.

Makon jiya ya sake tambayar wasan, na ce gara ta ci shafukan. Ya ce in miƙo littafin. Ya shafa shi ciki da baya, ya mayar mini bai ce komai ba. Tun ranar ban iya rubuta komai ba sai kwanan wata.

Na yi tunanin in karanta in canja ƙarshen, in sa 'ya'yan su tuba. Wa zai gane? Amma ga wata matsalar: al'adarsa ce ranar ruwan shuka a ja shi gonar tsamiya ya jefa irin farko da hannunsa, kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas. In karanta, in canja, ko in ɓoye littafin?

Mai karatun zaure, daga wajen Bagwai.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da wannan hidima, ba kowane ɗa ke yini da ƙamus don ubansa ya yi dariya ba.

Kada ka canja ƙarshen. Ka riga ka yi ƙarya ɗaya, kuma an kama ka da tafin hannu. Kada kuma ka karanta shi a zaure. Gaskiyarka, za a ɗauke shi habaici, Usaini kuwa bai cancanci haka ba. Yunwar 'ya'yansa ce ta sa shi, kuma jingina ba sayarwa ba ce, ana fansa. Laifinsa shi ne ɓoyewa, kai ma kana taya shi.

Ka je wurinsa yau, ba gobe ba. Ka ce masa ruwa na tafe, gara Baba ya ji daga bakinsa a ɗaki da ya je gona ya tarar da 'yan ƙwadagon wani suna shuka. Ka raka shi. In ya ƙi, ka gaya masa kai za ka faɗa, sannan ka faɗa. Ku je da maganar yadda za ku fanso gonar, ko da kaka biyu za ta ɗauka. Ranar shuka kuma ka ja Baba gonarka, ita ma tasa ce, ya jefa irinsa.

Bayan haka ka karanta masa wasan, ku biyu kawai, yadda yake a rubuce. Tsofaffin zaure a maimaita musu na tagwaye, ba za su ƙi ba.

Ka kuma yi tunani a kan wannan. Mutumin da ya shafa littafi ya ji lafiya lau, ya mayar maka bai ce uffan ba, anya bai sani ba? Ina jin ba labarin sarkin Turawa yake nema ba. Jira yake ya ji wane ne cikin 'ya'yansa zai fara gaya masa gaskiya. Kada ku bar shi ya daɗe yana jira.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya dawo da gonar tsamiya hannunku Baba yana raye.

Malama Sauda