Malamin Sabuwa da na ƙaga wa Alhaji

Assalamu alaikum mai wannan fili, da ku masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku fara tsine mani ku bari in kai ƙarshe, don na san ku sarai, rabinku ba shawara ke kawo ku shafin nan ba, gulma ce.

Ni direba ne a Kankara. Wanda nike ja taubashina ne, ɗan wan uwata. Bari in ce mashi Alhaji kawai, tunda yanzu ko akuyar gidansu sai ka ce mata Hajiya take waiwayowa. Mutumin nan da idona na san shi yana bin jaki da itace, ƙafa duk faso. Kuɗin fetur suka zo, ya samu kwangilar kwalbatoci tsakanin Faskari da Sheme, irin kwalbatin da ko kaza ta taka da ƙarfi sai ya rufta. Sai ga Marsandi, sai ga haƙorin Makka, sai ga tumbi yana riga shi shiga ɗaki. Ni da muka ci tuwo kwano ɗaya, wai sai na zagayo na buɗe mashi ƙofa. In na ja shi da wasan taubasai sai ya ce, "Kai direba, san matsayinka." Matsayi! Wanda jaki ya taɓa kayarwa gaban 'yan mata?

Bara babban ɗanshi ya rasu, hatsari ya yi da babur ɗin da uban ya saya mashi. Wannan kam ba abin dariya ba ne, Allah ya jiƙan shi. Amma tun daga nan Alhaji ya zama wani abu daban. Ba barci, ba cin abinci, ya zagi leburori, ya zage ni, har rediyon mota ya taɓa zagi. Rannan a tashar Sheme ya kwaɗa mani mari gaban 'yan kamasho, wai na taka burki da ƙarfi. Na haɗiye, amma na ce a raina wallahi sai na rama.

To akwai wani Ba'indiye injiniyan hanya da muke kai ma siminti. Duk sanda muka je da hantsi sai mu iske ya harɗe ƙafafu bisa tabarma, ido rufe, ya toshe hanci guda da yatsa, ya ja iska, ya sake ta a hankali yana wani gunji kamar ƙudan zuma cikin tulu. Mu direbobi har cikinmu ke ciwo don dariya. Sai shaiɗan ya raɗa mani, ai wannan da Alhaji ya dace. Muna cikin mota na gyara murya na ce, "Alhaji, akwai wani malami can cikin dajin Sabuwa, ya ji labarinka, ya ba ni wuridi in kawo maka." Ya harare ni ta madubi ya ce, "Wane malami?" Na ce, "Ba ya son a san shi. Ya girmi kukar kasuwa, kuma ba ya amsar ko goro." Jin ba a biya, sai ya matso. Na koya mashi zaman Ba'indiye da toshe hancin, na ce in zai saki numfashi ya ja Ya Laɗifu har leɓɓanshi su yi rawa. Na ƙara da nawa, wai ya riƙe kunnen hagu, don dai abin ya yi kyawun kallo.

Washegari bayan walaha na kwaso direbobi biyu muka laɓe a tagar gareji, inda ya shige don kar a gan shi. Ga Alhaji zaune, tumbi bisa cinya, hannu guda a hanci, guda a kunne, yana gunji kamar injin niƙa. Muka toshe baki, muna birgima. Can sai gunjin ya canza. Na leƙa, na ga hawaye sharkaf, yana kiran sunan marigayin. Tun da aka yi rasuwar ba wanda ya ga hawayenshi, ko a maƙabarta. Abokaina suka sulale suka bar ni. Ranar ya yi barci har sai da aka tada shi azahar.

Kun ga iskancin da ya same ni? Na haɗa tarko don a yi mashi dariya, ya koma magani. Yanzu kullum sai ya yi. Ya daina zagi, yana cin tuwo har da ƙari. Ya kira ni ya ce, "Taubashi, yafe mani marin nan." Wa ya roƙe shi? Ni da nike son in tsane shi hankali kwance! Abin kunyar ma, ranar da raina ya ɓaci na shige mota na gwada, har da riƙon kunnen da ni na ƙirƙira, kuma na ji sanyi.

Ga inda ta kwaɓe. Hajiya, uwar marigayin, har yau ba ta dawo daidai ba, ta rame kamar kara. Ta ga mijinta ya samu sauƙi, ta roƙe shi ya koya mata. Ya ƙi. Na ce, "Haba Alhaji, ba numfashi ba ne? Koya mata mana." Ya ce, "Kai jahili ne. Ana ba da wuridi ba izini? Ni aka ba, ba a ce in ba wani ba. Sai na durƙusa gaban Malam ya yi mani izini da bakinshi." Na ce bari in je in amso mashi. Ya ce a'a, wannan karon ƙafa da ƙafa, ya gaji da saƙo. Na ce hanya ta lalace, ya ce a ɗauki tifa. Ya sayi rago, ya ce da an ci kasuwar Kankara sai Sabuwa.

To ina zan kai shi? In ɗauko wani tsoho in naɗa mashi rawani, ƙarya bisa ƙarya, kuma da sunan Allah a ciki? In ce Malam ya rasu, izini ya bi shi kabari, Hajiya ta ci gaba da bushewa? Ko in buɗe baki in ce, Alhaji, shehinka Ba'indiyen siminti ne, kunnen kuwa raini ne? Korata ba ta dame ni ba, direba bai rasa mota a zamanin nan. Tsorona ya ji hawayen da ya zubar ma ɗanshi wasan kallo ne gare mu, ya koma yadda yake ko ya fi.

Jiya ina wanke mota Hajiya ta yi magana ta bayan ƙyaure, murya kamar ba tata ba. Ta ce, "Ɗan'uwa, in kun je ka ce ma Malam ko sau ɗaya ne ya yarda mani. Barci kawai nike so."

Na ce to, Hajiya.

Ku da kuka iya zagi, na ba ku fili, ku zage ni son ranku. Amma in kun gama ku faɗa mani, kasuwa jibi ce. Mi zan yi?