Na sa muryar Baba ta ce a fita shuka

Assalamu alaikum, barkanku da aiki, ya damina? Don Allah a sakaya sunana, kuma masu karatu ku bi ni a hankali, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ina aiki a wani ƙaramin shafin labarai a Gwarzo. Abin da ya ɗaga mu shi ne shirin manoma da muke turawa ta waya, wanda wani dattijo, tsohon malamin gona, yake gabatarwa. Zan kira shi Baba. Shi ya koya mini aiki, shi ya shige mini gaba wajen neman aure. Mutanen Getso da Gude kuwa, in Baba ya ce a yi shuka, ko babu ɗigon hadari sai sun ɗauki sungumi.

Gab da damina ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Iyalinsa suka ce kar a yayata. Ni kuma da na ga shirin zai mutu, sai na tattara tsofaffin shirye-shiryensa na zuba wa wata manhajar AI ta kwaikwayi muryarsa. Wallahi ranar da na ji ta yi sallama, har da ɗan gyaran muryar nan tasa, sai da tsikar jikina ta tashi. Na nemi izininsa? Ina! Ce wa kaina na yi ai taimakonsa nake yi.

Da aka yi ruwan farko, na tambayi manhajar ko damina ta zauna. Ta zayyano mini bayani tsaf, ni kuma gwanin sauri ban bincika ba, ban kira kowa ba. Ashe hasashen kudu ta kwaso. Haka na sa muryar Baba ta ce, "Jama'a, a fita shuka." Aka fita. Ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa.

Jiya na je Getso gaishe da Baba, na tarar da wani manomi daga Gude durƙushe a gabansa, ya kunna masa shirin.

"Malam, ba kai ba ne wannan? Geron nan fa hana yara ci na yi don in samu na shukawa. Yanzu me zan zuba?"

Baba yana ta motsa baki, ba abin da ke fita. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana kaɗawa, mutumin ya ɗauka korarsa yake yi, ya tashi ya fice. Sannan Baba ya juyo ya zuba mini ido. Ya sani. Kunya ta kama ni, har na fita ban ɗaga kai ba.

A zaure babban ɗansa ya riƙe ni. Shi a zatonsa an ɗauki shirin tun kafin ciwon.

"Yaya, dagaci ya ce a hallara bayan Juma'a kan maganar shukar nan. Ka ga Baba ba baki. Kai za ka yi magana a madadinsa, ka ce musu tsufa ne ya jawo kuskuren, su yafe masa."

To, in na faɗi haka an wuce wurin, amma mutuncin da ya tara tun kafin a haife ni ya zube. In na faɗi gaskiya, aikina ya tafi, kuma ban san da idon da zan ƙara shiga Getso ba. Ɗan nasa ya ce a kujera za su ɗauko Baba, su ajiye shi kusa da ni don ya ji abin da zan ce.

Jama'a, Juma'a gobe ce. Me zan yi?