Tsumman Goge Kibod da Yatsuna Biyu

Zuwa ga Alhaji Tanko mai ɗakin sanyin nama,
Trans-Amadi, Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uba, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ni dai ba lafiya nake ba, kuma ka fi kowa sanin dalili. Sunana Nura, ɗan marigayi Malam Isa tela, ina gyaran kwamfuta a Mile 2, Diobu. Don masu karatu na faɗi wannan, kai kam ka ci tuwon sunana. Na turo maka manya har gida, aka ce ba ka nan alhali motarka na ƙofa. Na kira wayarka ka ƙi ɗauka. Tunda a gaban jama'a ka kira ni ɓarawo, a gaban jama'a zan ba ka amsa. Da hannun hagu nake danna wannan rubutu a waya, na dama yana naɗe, saboda haka in an ga kuskure a yi mini uzuri.

Na farko, aikin da aka kawo mini.

Ɗanka Mubarak, wanda ke riƙe maka ofis, shi ya kawo laftof ɗin shagona. Ya ce tana zafi, tana mutuwa da kanta, fankarta na gurnani kamar injin markaɗe. A gabansa na kwance ta. Ƙura na tarar, da gashin shanu, da maiƙo da ya daskare a bakin fanka. Kibod ɗin kuwa har danƙo yake yi, don duk wanda ya gama taɓa nama a wurinku sai ya zo ya danna da hannunsa haka. Na wanke, na share, na mayar da kowane sukuru inda na ciro shi. Ban cire komai ba, ban musanya komai ba. Da zai tafi na ce masa ya riƙa goge kibod kowace safiya, amma ya kashe laftof ɗin gaba ɗaya kafin ya goge. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Turancin buroka don kada a ce ba a fahimta ba. Idonsa na kan waya yana cewa, "Na ji, na ji."

Na biyu, abin da ya biyo baya.

Ga wanda bai sani ba, maus ɗin ofishinka ba ya da waya a jiki. Ta bulutut yake magana da laftof, haka ma ɗan injin da ke buga wa masu otal rasit in sun ɗauki nama. Bayan ƴan kwanaki abin ya fara ɓacewa. Yau maus na aiki, gobe ya mutu murus, injin rasit ya yi shiru, ƴar shuɗiyar alamar bulutut ta ɓace daga ƙasan sikirin kamar ba a taɓa yin ta ba. Jibi kuma komai ya dawo.

Mubarak ya kira ni. Na gaya masa abin da kowane mai gyara zai faɗa ta waya: a sauya batirin maus, a kashe laftof a kunna, a cire maus ɗin daga jerin na'urori a sake haɗa shi. Na ce in ya ƙi, a kawo mini ko ni in zo, don ciwon da ke zuwa yana tafiya sai an gan shi da ido. Bai kawo ba. Sai ya kai ta wurin wani mai sayar da caja da murfin waya a bakin titi. Wannan gwani, ko sukuru ɗaya bai kwance ba, ya juya laftof ya shinshina ta, ya yanke hukunci: "Dem don comot the card." Wai an zare katin bulutut daga ciki.

Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, da kallo ɗaya kake sanin nauyin saniya. Ka gaya mini don Allah, katin da na sace na kawo Diobu, ta yaya yake komawa aiki jibi? Keke yake hawa ya je Trans-Amadi ya yi muku wuni ɗaya ya dawo aljihuna? Wannan tambayar ko ɗan firamare zai yi ta, amma kaf ofishinka ba a samu wanda ya yi ba.

Na uku, ranar da ka kira ni.

Da kanka ka kira, murya a sanyaye. Ka ce, "Nura ɗana, zo ka duba mana abin nan." Na rufe shago, na ɗauki jakar kayan aiki, har ina jin daɗi Baba Alhaji ya tuna da ni. Ina shiga na ga laftof a kan tebur. Na miƙa hannu ka ce kada in taɓa, wai zan ɓatar da shaida. Na ce to a bar ni in kalli sikirin kawai, hannuwana a baya. Da ka yarda da wannan kaɗai, da a tsaye zan gano matsalar. Ka ƙi.

Sale, shugaban mahautanka, shi ya fara kifa mini mari har kunnena ya ɗauki ƙara. Suka ja ni ta wuyan riga zuwa bayan ɗakin sanyi, inda ake wanke jini. Ɗaya da tiyon ruwa, ɗaya da gefen adda, ɗaya da takalmin roba a haƙarƙarina. Ruwan jinin shanu ya shiga mini baki. Ana duka ana cewa in fito da kati, ina rantsuwa da Allah ana ƙara mini. Kai kana tsaye a bakin ƙofa, kuma na ji abin da ka faɗa da kunnen da ya rage mini: "Kada dai ku taɓa masa fuska." Na gode da wannan tausayi, Alhaji. Sun bi umarninka. Sale ya danne hannuna na dama a kan kututturen da ake sara ƙashi, ya juya gatari, ya sauke mini bayansa a kan yatsu. Na ji ƙarar kafin in ji zafin.

Wata mata Ibo da ke zuwa sarin kayan ciki, wadda ban san ko sunanta ba, ita ta yi ta kururuwa tana dukan Sale da bokiti har suka sake ni. Ita ta sa ni a keke napep ta kai ni asibiti. Hausawan da ke wurin, waɗanda muke sahu ɗaya da su, kallo suka yi.

Wannan bai ishe ka ba. Da aka idar da La'asar a masallacin da ka san kusan duk masu kawo mini aiki suna salla, ka miƙe ka ce jama'a su yi hattara da ɗan Malam Isa, yana zare kayan cikin kwamfuta. Kafin a sallamo ni daga asibiti, mutane sun yi layi a shagona suna karɓe kayansu, wasu ma a kwance suke ba a haɗa ba. Wani dattijo da na yi shekaru ina yi wa gyara, a gaban matata ya ce a ƙirga masa sukurorin.

Na huɗu, ga ɓarawonka.

Madam Rifkatu, mai karɓar oda a ofishinka, ƴar Kudancin Kaduna, ita kaɗai ce daga wurinka ta tako gidana dubiya. Cikin hira ta ce abin mamaki, har yanzu maus ɗin na tafiya yana dawowa. Na ce ta ba ni labarin yadda safiyarku take. Ta ce Mubarak na zuwa zai ɗaga murfin laftof, ya ɗauko tsumma, ya goge kibod daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfi, kamar mai goge farantin tsire. Na ce yana kashewa kafin ya goge? Ta yi dariya. Ta ce ai laftof ɗin nan ba a kashe ta, murfi kawai ake rufewa, don Mubarak ya ce tana daɗewa kafin ta tashi.

Nan take na fara zargin wani abu. Na ce mata duk ranar da maus ya mutu, ta duba ƙasan sikirin ta dama, kusa da agogo, ko za ta ga hoton ɗan jirgin sama. Washegari ta kira ni. Ta ce hoton jirgin yana nan.

Bari in yi bayani dalla-dalla, don kada gobe a karya wa wani hannu. A layin sama na kibod ɗin laftof ɗinka akwai maɓalli mai hoton jirgi. An yi shi ne don matafiya a jirgin sama. In ka danna sau ɗaya, duk wani abu da ke haɗuwa ba waya zai yanke, bulutut ya ɓace, maus ya mutu, injin rasit ya yi shiru. In ka sake dannawa, su dawo. Tsumman Mubarak ke danna shi. Ranar da ya bi ta kai sau ɗaya, abin ya tafi. Ranar da ya sake bi, ya dawo. Ba ku lura da intanet ba saboda naku ta waya yake shiga laftof daga akwatin da ke bango, maɓallin jirgi ba ruwansa da shi. Rifkatu ta sa yatsa ɗaya ta danna, maus ya motsa, injin rasit ya hau amayo takardun da suka maƙale.

Ta nuna maka, Alhaji. Ka zauna ka danna da yatsanka, ka ga ya tafi, ka sake dannawa ka ga ya dawo. Sannan ka ce, "A bar maganar nan a nan." Wallahi wannan ta fi gatarin Sale yi mini ciwo. Ranar duka zan iya cewa fushi ne da rashin sani. Yanzu ka sani. Kana zuwa masallacin nan kullum, kana haɗa kafaɗa da mutanen da ka gaya wa ni ɓarawo ne, bakinka a rufe. Na tambayi Rifkatu ko in ɓoye sunanta saboda aikinta. Ta ce, "Put my name. Na my eye see am, I no dey fear." Wato in sa sunanta, da idonta ta gani. Ita da za ta iya rasa abincinta ba ta ji tsoro ba.

Sai ga Sale a ƙofar gidana da cinyar saniya a buhu, wai in ji Alhaji a yi wa mara lafiya farfesu. Ba gaisuwa, ba ban haƙuri, ko ido bai iya haɗawa da ni ba. Mutumin da ya fasa mini yatsu shi ka zaɓa ya kawo mini nama. Na sa an mayar maka da kayanka, ina fata sun iso ba su lalace ba.

Na biyar, halin da nake ciki da abin da nake nema.

Likita ya ce yatsan tsakiya zai warke. Manuni kuwa, da wuya ya sake lanƙwasuwa yadda yake. Aikina na sukurori ne masu girman ƙwayar gero da wayoyi masu siririn gashi, da wannan yatsan nake ci da iyalina. Ba zan ɓoye maka ba, akwai lokacin da nake zaune ina kallon hannun nan, zuciyata na raya mini in ɗauki guduma da hagu in zo in ragargaza laftof ɗin a kan teburinka, in bi da duk abin da ya tare ni. A Diobu aka haife ni. Samarin da muka tashi tare, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, sun zo sun ce in ba su izini kawai. Ni na hana su, kuma har yau ni ke hana su, don na san in wuƙa ta fita a kwata ba a kan mai laifi kaɗai take sauka ba.

Hannu in ya ƙi, zan koya wa hagu. Sunana ne ba ni da yadda zan gyara shi da kaina, don ba ni na ɓata ba. Saboda haka ina neman ka ɗauki laftof ɗin nan ka kai ta masallacin da ka yi sanarwa, bayan salla, ka miƙe inda ka miƙe. Ka danna maɓallin jirgi jama'a su ga maus ya mutu, ka sake dannawa su ga ya tashi. Sannan ka ce da bakinka, ba ta bakin wakili ba, Nura ɗan Malam Isa bai saci komai ba. Sale da waɗanda suka taya shi su gurfana gaban dattawan unguwa, in dattawa sun kasa, akwai hukuma. Madam Rifkatu kuma kada wani abu ya taɓa aikinta.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka dukiya da zuriya, ya sa kada ɗanka ya taɓa kwantawa a ƙasa yana rantsuwa ba mai saurarensa. Ya kuma ba ka ƙarfin zuciyar miƙewa tsaye.

Akwai kalma ɗaya da ke bakina tun ranar, ka san ta. Mahaifiyata ta riƙe ni tana kuka, ta ce kada in ja wa aminin babana Allah ya isa, ta ce in ba ka lokaci, kai mutumin kirki ne da shaiɗan ya rinjaya. Ban taɓa yi mata musu ba, kuma ban so in fara a kanka. Na ce mata zan riƙe bakina zuwa Juma'ar nan. Zan zo da wuri in zauna a sahun gaba, hannuna a naɗe, inda za ka gan ni.

Wassalam.

Nura mai gyaran kwamfuta,
Mile 2, Diobu, Fatakwal.