Jan Ƙyalle a Bakin Rafin Gubuchi

Gubuchi, farkon damina.

Zuwa ga Yayata Indo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? Yaya mutanen Kudan? Mu nan lafiya lau, maigidana Uwaisu yana gaishe ki.

Yaya, abin da aka yi mini ranar Talata ne ya sa na ɗauki biro, don a waya takaici ba zai bar ni in yi magana ba. Wasu baƙi sun zo daga birni koya mana yadda za mu tsira idan rafi ya yi ambaliya. Tukur, wanda aka naɗa shugaban kwamiti, ya zo har shagona ya ce dole ne a sa nakasassu a ciki. Na ajiye ɗinkin mutane, na ci ado, na tafi ina murna.

Da aka zo gwaji, sai suka ce za a nuna yadda ake ceton gurguwa. Na zaci ni za a tura. Ashe kekena kawai suke so. Suka sauke ni a kan tabarma, suka ɗora ƙanwar matar Tukur, mai ƙafafu lafiyayyu, wai ta fi ni sauƙin ɗauka. Ina zaune a ƙasa ina kallonta tana langaɓe wuya kamar za ta mutu, ana ta ɗaukar hoto.

Da aka ba da damar tambaya, na ce tunda da lasifika za a yi shela, wa zai gaya wa Selina? Kin san ta, kurmar nan matar Benson, mai lambu a bakin rafi, ga ta da ciki. Babban baƙon ya ce wannan tambaya ce mai kyau, a tafa mini. Aka tafa. Aka raba lemo, aka watse.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Mukarrama.

Gubuchi, ƙarshen Agusta.

Zuwa ga Yaya Indo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya. Na samu saƙon jajenki, Allah ya bar zumunci. Labarin ruwa kin ji shi, na Selina ne ba ki ji ba.

Ranar Uwaisu yana kasuwar Makarfi. Bayan azahar rafi ya kawo, alhali ko yayyafi ba a yi a nan ba. Mai babur ya zagaya da lasifika kamar yadda aka tsara. Lantana maƙwabciyata ce ta turo ni cikin laka har firamaren kan tudu, inda aka ce kowa ya taru. Ƙofar kuwa matakala ce. Da rarrafe na hau, 'yan kwamiti suna tsaye cikin rigunansu masu ƙyalli, ɗaya har da ɗaga waya yana ɗaukar hotona.

Ina hawa na duba, babu Selina. Na yi ta ƙwala wa Benson kira har ya ji, ya ruga lambu. Ashe Selina tana duƙe tana tsinkar kuɓewa. Mai lasifikar ya bi ta bakin lambun, ya gan ta. Da bakinsa ya faɗa daga baya, wai ya ƙara mata murya sosai kafin ya wuce. Yaya, ki ji fa! Kurma ya ƙara wa murya.

An same ta rungume da itacen mangwaro, ruwa ya kai mata ƙirji. Ta rayu, amma cikin ya zube.

Da na je duba ta, ba ta yi kuka ba. Ta taɓa kunnenta ta girgiza kai, sannan ta nuna idonta ta buɗe mini tafin hannu. Ni ce na kasa riƙe hawaye.

Yanzu mun daina jiran kowa. Benson ya kafa dogayen sandunan gora daga gada har lambuna. Duk wanda ya ji shela zai ɗaga jan ƙyalle a kansu, don mara ji ya gani. Kowane makaho da gurgu a unguwarmu ya samu maƙwabcin da zai tsaya masa, kuma Uwaisu yana cike gefen matakalar nan da ƙasa don keke ya hau. Ni ke ɗinka tutocin, Selina na yi musu ƙulli. Ki taimaka ki aiko mini da duk wani jan yadi da kika samu, ko tsohon zani ne.

Jiya Tukur ya leƙo shago, ya yaba aikin, ya ce baƙin za su dawo, don haka in ɗinka sunan kwamiti a jikin kowace tuta. Ban ɗago kai daga kan ɗinkina ba. Na ce masa yadin bai isa ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Mukarrama.