Turken Jirgina da Aka Tumɓuke Saboda Na Yi Tambaya

Zuwa ga Bappa Alhaji Buba, shugaban masu fito na mashiginmu da ke bakin Binuwai, Jimeta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kuna lafiya da iyali, da ƙafar nan da take damunku in damina ta kankama. Ni ne Isa, ɗan amininku marigayi Malam Tanko Bakabe.

Ranku ya daɗe, na so a ce a zaurenku muka kashe wannan magana, daga ni sai ku. Na je, an ce kuna barci. Na koma, an ce kun tafi Yola, alhali ga takalmanku a bakin ƙofa. Shi ya sa na ɗauko ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci na rubuta, don a karanta a mashigi da kasuwa, tunda a bainar jama'a aka wulaƙanta ni.

Ga wanda bai san sana'armu ba, kowane mai fito yana da turkensa a bakin ruwa, inda yake ɗaure jirgi. Turken nan shi ne layinsa. Mai turke ne ake ba fasinja da kaya in zagaye ya zo kansa, marar turke kuwa ko jirginsa ya kai girman masallaci, kallo ne nasa. Nawa mahaifina ne ya kafa shi da hannunsa tun kafin a haife ni. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na sauko da asuba na tarar da rami a wurin. An tumɓuke turken, an saki jirgina ya bi ruwa, sai can ƙasa na same shi kife a kan yashi da tsaga a gefe. Babu wanda zai taɓa turken wani a mashigin nan sai da izininku, kowa ya san haka.

Na farko, bari in tuna muku laifin nawa. Ranar Laraba bayan la'asar kun tara mu a gindin tsamiya. Mutanen jam'iyya sun zo da goro da gishiri da turamen atamfa. Kuka ce a wannan zaɓe na shugaban ƙasa, masu fito tsintsiya ce, maɗaurinta ɗaya, kowa zai dangwala wa mutum guda, domin namu ne, harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya. Ni kuma na ɗaga hannu, na nemi izini, na tambaya me mutumin namu ya ce zai yi wa 'ya'yan masu fito ranar da gada ta haye kogin nan. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban zagi kowa ba, ban tura goro baya ba, ban ma ce ba zan zaɓi naku ba. Mutanen jam'iyya suka dubi juna, ku kuka dubi ƙasa, aka shafa fatiha aka watse. Har yau babu wanda ya amsa mini.

Na biyu, ba yau na fara bin umarninku ba, kuma na ga abin da ya haifar. Lokacin zaɓen samun mulkin kai ina saurayi, jini na tafasa. Kuka ce mu yi ta haye da mutanen ƙetare kyauta su jefa ƙuri'a a akwatin da kuka nuna. Na tuƙa har tafin hannuna ya sale. An ce mana za a kawo jirage masu inji, za a gina wa yaranmu makaranta a bakin kogi. Ba wanda ya tambayi yaushe, ko da kuɗin wa, domin a lokacin tambaya rashin kunya ce. Jirage masu inji sun zo kam, amma na masu kuɗi ne, su suka kwashe mana manyan kaya. Filin makarantar kuwa, yau shanu ake tsayarwa a wurin kafin a haye da su.

Na uku, kuma nan ne zuciyata take ƙuna. Kun san Sani, babban ɗana. Zamanin da aka haɗa mu cikin Jihar Arewa maso Gabas, komai sai Maiduguri, yaron nan ya ci jarrabawar shiga sakandare. Malamansa har gida suka zo suna roƙona kada in bar kansa ya lalace. Kuɗin makaranta da na kwana da na tufafi suka fi ƙarfina. Na hau bayan babbar mota a kan buhunan gyaɗa har Maiduguri neman taimakon gwamnati. Na yi ta zama a ƙofar ofis, yau a ce mai sa hannu ya fita rangadi, gobe a ce ya shiga taro, har guzurina ya ƙare. Na dawo na zo wurinku, tunda ku ne kuke shiga wurin manyan da muka jefa wa ƙuri'a. Kuka ce in yi haƙuri, ɗan mai fito ai kogi ne makarantarsa. Na ji maganarku, na miƙa wa Sani gorar tuƙa jirgi. A cikar kogin damina ta biyu, yana haye da shanu, igiya ta naɗe masa ƙafa, sa ya ja shi ƙasa. Ku kuka yi masa salla, Bappa. Na yarda da ƙaddara, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ranar da ya rasu sa'o'insa suna cikin aji, kuma wannan ba zai bar ni ba har in koma ga Allah.

Yanzu saura ƙanwarsa Maryam, tana ajin ƙarshe na firamare, kanta ya fi na wanta kaifi. Gada kuma tana tafe, duk mun ga masu awo da sandunansu. Ranar da mota ta fara bi ta kan ruwan nan, wa zai biya mu mu haye da shi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa da na ji an ce a karon nan talaka da hannunsa zai zaɓi shugaban ƙasa, na ce wallahi sai na san abin da kowannensu ya ƙudurta kafin in shafa tawada a yatsa.

Na huɗu, maganar da ake yaɗawa cewa Malam Yohanna ya saye ni, har wasu marasa tsoron Allah suna cewa na bar salla. Malam Yohanna maƙwabcina ne a Gwadabawa, mutumin kudancin Adamawa, malamin makarantar su Maryam. Yana da rediyo, ni ba ni da shi. In na taso daga kogi nakan zauna a ƙofar gidansa mu saurara, wani lokaci ya karanta mini jarida inda bokona ya gaza. In aka kira magariba shi yake cewa in tashi kada in rasa jam'i. Bai taɓa ce mini ga wanda zan zaɓa ba, kuma in ya faɗa ma ba zan ɗauka ba.

Ga abin da na ji da kunnena. Wani ɗan takara ya fi ƙarfafa taki da noma da gidaje. Abu ne mai kyau, sai dai ni ba ni da ko taƙi ɗaya na gona, gidajen gwamnati kuma na san ma'aikata za su shiga. Wani yana maganar sauke wa talaka haraji. Wannan ya taɓa ni, domin na san yadda ake ɓoye tukunya in masu karɓa sun shigo unguwa. Wani kuma ya ce karatu kyauta har sakandare. Wannan ya fi shiga raina, ko da yake har yanzu ina neman wanda zai faɗa mini inda kuɗin zai fito. Mai yiwuwa dukansu ƙarya suke yi, ni ba yaro ba ne. Amma wanda ya faɗi abin da zai yi, gobe ana iya kama shi da bakinsa. Wanda aka ce in zaɓa don kawai namu ne, da me zan kama shi? In naku yana da magana a kan makaranta, ku faɗa mini, in ta fi ta sauran ni zan fara dangwala masa.

Ba na jin haushin 'yan jam'iyya, aikinsu suka zo yi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ku ne kuka san gidanmu, kuka san kabarin Sani, kuka san da turken nan nake sayen littafin Maryam, kuma da saninku aka cire shi.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A mayar mini da turkena a raminsa, da rana, a gaban mutanen da aka cire shi don su ji tsoro. A bar kowane mai fito ya saurari 'yan takara ya auna da hankalinsa, kada a ƙara ɗaure abincin mutum da ƙuri'arsa. Tsagar jirgi kuwa na yafe, zan toshe da kaina.

In har kasuwar Juma'a mai zuwa ta ci ba a mayar ba, ba zan kai ƙara ko'ina ba, ba zan yi shari'a da aminin ubana ba. Zan sayar da jirgin in ajiye wa Maryam kuɗin makaranta, gidan Malam Tanko ya fita daga kogin nan ke nan. Mai saye ya riga ya taya. Sai dai al'adarmu ba a cinikin jirgi sai shugaba ya zama shaida, don haka zan aiko a kira ku. Ina roƙo ku zo da kanku, ku sa albarka, ku miƙa wa baƙo igiyar da hannunku, yarinyar tana tsaye tana kallo.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sa ku gama da duniya lafiya, ya ba ƙasar nan shugaban da zai ji tambayar talaka bai ɗauke ta zagi ba.

Wassalam.

Ɗanku,
Isa Tanko, mai fito,
Gwadabawa, Jimeta.